Roba Iri-Iri Ce, Yayi Kuwa da Kuɗinsa

Da an kai gero da dawa rumbu, sai lokacin bukukuwa ya kama a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Uban da zai aurar da 'yarsa yakan fitar da hatsi ko rago ya kai kasuwa, uwar yarinya kuwa ta shiga lissafin kayan ɗaki: kwanuka, kuloli, bokitai, bahuna, kofuna, farantai. Daga Dogon Daji, da Sanyinna, da Jabo, har ƙauyukan Kebbe da ke nesa da babbar hanya, mata sukan haɗu su tafi Sakkwato ko Jega sayayya. A can sai su tarar da kula biyu, girmansu ɗaya, marfinsu iri ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar. In an tambayi mai kanti dalili, amsa ɗaya ce: "Wannan ita ce yayi."

Wani lokaci gaskiya ne mai tsadar ta fi kyau. Wani lokaci kuwa fure kawai aka sāke mata. Muna so mu rarrabe waɗannan abubuwa biyu, gama kuɗin da ake kashewa a nan gumin shekara guda ne, sau da yawa ma har da bashi a kai.

Wani wasa na Amurka

Bari mu fara da wani abu daga nesa, domin a can an fi bayyana wannan ciniki a fili. A Amurka da Finlan da waɗansu ƙasashe akwai wasan da ake yi da faifan roba. Kamanninsa kamar faifan da mata suke saƙawa da kaba su rufe ƙwarya, faɗinsa wajen santimita 21, nauyinsa ba ya wuce giram 200. Mai wasa yakan tsaya daga nesa ya wurga shi, yana neman ya shigar da shi cikin wani kwandon ƙarfe da aka kafa a kan sanda, da sarƙoƙi suna reto a bisansa don su tare faifan. Wanda ya shigar da ƙarancin jifa shi ya ci, kamar yadda ake lissafi a wasan golf. Wani mutum mai suna Ed Headrick shi ya kafa filin farko na wannan wasa a jihar Kalifoniya a 1975.

Kamfanonin da ke ƙera faifan nan, irin su Innova da Discraft, ba su ɓoye yadda suke yanka kuɗi ba. Tukunyar zubi ɗaya ce, amma robar da ake zubawa a ciki iri-iri ce, kowace kuma da sunanta a rubuce a jikin faifan. A wurin Innova, mai arahar ana kiranta DX. Tana da daɗin riƙewa a hannu, amma in ta bugi itace sau da yawa sai bakinta ya farfashe, tafiyarta a iska ta sāke. Waɗanda ake kira Champion da Star sun fi jimrewa ƙwarai, kuɗinsu kuma ya fi. Mai saye ya san abin da ya saya, ya kuma san abin da ƙarin kuɗinsa ya biya.

Sai kuma mataki na uku. Kamfani yakan ɗauki faifan nan, ya cuɗa launuka biyu ko uku a cikin robar, ya buga sunan wani gwanin wasa a kai, sa'an nan ya yi kaɗan kawai. Wani kashi na kuɗin yakan tafi wurin gwanin, ko ya taimaka wajen shirya gasa. Da sun ƙare a kanti, sai waɗanda suka riga suka saya su sayar wa na baya da riba, wani lokaci ninki da yawa. Suna yana da daraja a wannan ciniki har ya kai a 2021 Discraft ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 10 na shekara 10 da wani gwani, Paul McBeth. Abin da ya ba mu dariya shi ne, da yawa daga masu sayen irin wannan faifai ba su taɓa jefa shi ba, don kada ya ƙuje ko ya faɗa cikin tafki. Rataye shi suke yi a bango, kamar yadda kakanninmu suke jera faya-fayai masu launi a ɗakin amarya.

A 2020, lokacin annobar korona, mutane da yawa suka shiga wasan domin a fili ake yinsa. Faifai ya yi wuya, kuɗin waɗanda ba su da yawa ya hau. Da kamfanoni suka ƙara aiki, kantuna suka cika, sai kasuwar ta kwanta, waɗanda suka tara da niyyar cin riba suka zauna da kayansu.

Abin da ke cikin bokitinmu

A wurinmu ba a rubuta sunan robar da manyan haruffa, amma bambancin yana nan. Roba daga man fetur da iskar gas ake samunta. Takan zo masana'anta a buhu, ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa, a narke ta a zuba a tukunyar zubi. Ana yin irin wannan ƙwaya a Eleme ta jihar Ribas, a masana'antar da kamfanin Indorama ya saya a 2006, matatar Ɗangote a Legas kuma ta fara yin wani iri a 2025. Duk da haka ana shigo da mai yawa daga waje da dala. Shi ya sa da aka saki darajar naira a watan Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin bokiti da baho suka bi ta.

In sabuwar ƙwaya ta yi tsada, mai masana'anta yana da hanya biyu ta rage kashe kuɗi. Ta fari ita ce tsohuwar roba. Fasassun bokitai da kujeru da jarkoki da 'yan gwangwan suke bi gida-gida suna saye, ana rarraba su, a niƙa, a wanke, a kai masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, a sāke narkewa. Wannan ba laifi ba ne. Sana'a ce da ke ciyar da mutane, tana kuma rage shara. Amma duk sa'ad da aka sāke narkar da roba ƙarfinta yakan ragu, ba kuwa wanda zai iya faɗin abin da aka taɓa zubawa a cikin kowace jarka da ta shiga injin niƙan. Hanya ta biyu ita ce a haɗa da garin farin dutse, irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato. Kaɗan daga cikinsa ba ya ɓata kome, yakan ma sa kaya su tsaya sosai. In ya yi yawa, sai robar ta yi nauyi a hannu amma ta zama mai gautsi.

A nan ne uwargida takan ruɗu. Mun saba da cewa abu mai nauyi shi ne mai ƙarko, domin haka yake ga tukunyar ƙarfe da akushi. Ga roba ba kullum ba ne. Baho mai nauyi yana iya zama gari ne ya yi masa yawa, ran da ya suɓuce daga kan yarinya a bakin rijiya sai ya tsage tun daga baki har gindi.

Akwai abin da za a iya dubawa tun a kasuwa. A kife kwanon a duba gindinsa. Sau da yawa za a ga wata alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. A 1988 aka fara sa wannan lamba a Amurka, yanzu kuwa ta bazu ko'ina. Lamba 2 da lamba 5 su ne robobin da aka fi yin bokiti da jarka da kwanon abinci da su, lamba 5 kuma ta fi jimre zafi. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, ba a yi ta don kunu mai zafi ba. A ɗaga kayan a duba ta hasken rana: sabuwar roba launinta ɗaya ne sumul, wadda aka haɗa da tsohuwa takan nuna ɗigo-ɗigo ko dishi-dishi. A sansana, in ana jin warin sabulu ko mai ko magani, kada a saya don abinci. A ɗan lanƙwasa bakin da yatsa. Mai kyau yakan koma yadda yake. A gida kuma, in wani bokiti mai lamba 2 ko 5 ya fashe, a ɓalli ɗan guntu a tura shi cikin ruwa. Robar da ba ta da gari da yawa takan taso sama, wadda aka cika wa gari takan nutse. Da haka za a san irin da ba za a sāke saye ba.

Baƙar roba tana da fuska biyu. Baƙin launi yakan kāre roba daga rana, shi ya sa tankunan ruwa da yawa baƙaƙe ne. Amma shi ne kuma launin da ya fi ɓoye tsohuwar roba da aka cuɗa. Baƙin baho ya isa wanki da ban ruwan dabbobi. Tuwon yara kuwa a nema masa wani. Ranar ƙasar nan ma abokiyar gāba ce. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, hasken rana kuma yakan ci roba a hankali har ta koɗe ta yi gautsi. Bokitin da ake ajiyewa a inuwa yakan daɗe fiye da wanda ke yini a tsakar gida. Wani abu kuma da ya shafi manoma: jarkar maganin feshi ba ta zama ta ruwan sha, ko sau nawa aka wanke ta, gama maganin yakan shiga jikin robar.

Kuɗin fure

To, wannan shi ne bambancin da ya cancanci a biya. Yanzu sai yayi.

Abin da ya fi tsada a ƙirar kula ko faranti shi ne tukunyar zubin. Da an mallake ta, sāke launi ko buga sabon fure a jiki ba ya cin kuɗi sosai. Mai kawo kaya daga Indiya ko Sin ko Legas ya san lokacin bukukuwa. Sai ya kawo sabon zane, ba da yawa ba. Amarya ɗaya ko biyu a gidajen masu hali suka yi jere da shi, 'yan kallon ɗaki suka gani, labari ya zaga gari. Kafin wata biyu kowace uwa tana nemansa, ɗan kasuwa kuma ya ce saura kaɗan. Bayan 'yan watanni sai ga kwaikwayonsa ya cika kasuwa da araha, sabon zane kuma ya fito, na jiya ya zama tsohon yayi. Kular ba ta daina riƙe zafin tuwo ba. Abin da ke riƙe zafi shi ne soson da ke tsakanin bangonta biyu, da yadda marfin ya kama bam, ba kuwa wanda yake ganin waɗannan a ranar jere.

Ba sabon abu ba ne. Iyayenmu sun yi yayin langa da fanteka da samira, kafin su kuma an yi na tasoshin Bida da ƙore masu zane. Amma akwai bambanci babba. Kwanon ƙarfe mai fenti dukiya ce ta mace. In ba a buge shi ba yakan yi shekaru, in yunwa ko ciwo ya zo ta fitar da 'yan kaɗan ta sayar, abin da ya rage kuma ta sa a ɗakin 'yarta. Roba ba ta yin haka. Ko a cikin kabad take, fararta takan koma rawaya, in kuwa an kai ta kasuwa bayan shekara biyar, mai gwangwan ne zai auna ta a sikeli. Ba'amurken da ya rataye faifansa yana da fatan wani zai saya wata rana. Kular yayi ba ta da irin wannan kasuwa.

Ba mu ce amarya ta shiga ɗaki da kayan da za ta ji kunya ba. An ce araha ba ta ado, yarinya kuma sau ɗaya ake kai ta ɗakin fari, tana da hakkin ta yi murna da abu mai kyau. Abin da muke gani shi ne, a raba lissafin kashi biyu tun kafin a hau mota. Kayan aiki na kullum, watau bokiti, baho, kular da za a riƙa kai wa maigida abinci gona, kofunan yara, a sayi mai kyawun roba ko da zanen bara ne. Zanen bara mai kyau sau da yawa ya fi na bana araha, in an tambaya, mai kanti yana da shi a baya. Sa'an nan a zaɓi jeri ɗaya na yayi don ado, gwargwadon abin da ya rage, ba da bashi ba.

Matan zumunta suna iya taimakawa ƙwarai a nan, tun da yake su ne sukan haɗa gudummawa in 'yar ɗaya daga cikinsu za ta yi aure. Maimakon kowa ta kawo abin da ta ga dama, har amarya ta tashi da kula shida ba ta da baho ko ɗaya, sai su zauna da uwar yarinya su rubuta abin da ake bukata, su aiki mutum biyu da suka san kaya, su saya da dozin. In akwai aure biyu ko uku a ikilisiya cikin rani ɗaya, a haɗa sayayyar wuri ɗaya, kuɗin motar zuwa Sakkwato ma a raba shi.