Apache, Black Hawk ko Chinook: wane jirgi ne ya fi wahalar tuƙi?

A rundunar sojin ƙasa ta Amurka akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin matuƙan jirage masu saukar ungulu. Matuƙin Apache zai ce nasa jirgin ne ke cinye ƙwaƙwalwar mutum. Na Black Hawk zai ce wanda bai taɓa sauka cikin ƙura da tsakar dare da mutum goma sha ɗaya a bayansa ba bai san tuƙi ba. Na Chinook kuwa ana yi masa ba'a da cewa direban bas ne, shi kuma ya yi dariya ya ce a zo a gwada ajiye bas ɗin a kan tsinin dutse. Wasa ne irin na Kanawa da Zazzagawa, kowa na ji da kansa, amma a ƙarƙashin wasan akwai tambaya ta gaske game da yadda mutum da na'ura suke aiki tare.

Dukkansu daga makaranta ɗaya suke fitowa, wato sansanin Fort Rucker da ke jihar Alabama. Suna farawa da ƙaramin jirgin koyo, sannan a raba su zuwa manyan jirage, kuma wanda ya fi maki a aji shi ke fara zaɓa. Tun daga ranar zaɓen nan ake fara gugar zana.

Abin da ya haɗa su

Kafin a shiga gardamar, ya kamata ka san yadda ake sarrafa helikwafta. Hannun dama na riƙe da wata sanda da ke tsakanin ƙafafun matuƙi, ita ce ke karkata babbar farfelar sama zuwa gaba, baya ko gefe. Hannun hagu na kan wata sandar da ke gefen kujera mai kama da birkin hannu na mota. Idan aka ja ta sama jirgin ya ɗaga, idan aka sassauta ya yi ƙasa. Ƙafafu biyu kuma suna kan feda, suna juya hancin jirgin hagu ko dama. Matsalar ita ce babu ɗaya daga cikin ukun da ke zaman kansa. Da ka ja sandar hagu, ƙarfin injin zai nemi juya gangar jikin jirgin zuwa kishiyar inda farfela ke juyawa, dole ka taka feda ka gyara. Da ka taka feda, jirgin zai nemi zamewa gefe, dole hannun dama ya gyara. Shi ya sa tsayar da jirgi cak a iska shi ne abin da ya fi ba ɗalibai wuya a makonnin farko.

Amma ga inda zancen yake: manyan jiragen soja na yanzu duk suna da kwamfutar da ke taya matuƙi wannan ƙananan gyare-gyaren. Tsofaffin da suka tuƙa Huey a yaƙin Biyetnam suna da hujjar cewa su ne suka yi tuƙin hannu na ainihi. Wahalar yau ba ta tafi ko'ina ba, wuri ta sauya. Ta bar hannu ta koma kai.

Ido ɗaya a duniya, ido ɗaya a allo

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a Apache, jirgin yaƙin da ya fara tashi a 1975 ya shiga aiki a 1986. Mutum biyu ne ke ciki, ɗaya a bayan ɗaya: na baya yawanci shi ke tuƙi, na gaba yana kula da makamai da neman abin hari. Kowannensu yana sanye da hular kwano mai wani ɗan ƙaramin gilashi da ke zama daidai gaban idon dama. A cikin gilashin nan ake haska masa gudun jirgi, tsayinsa daga ƙasa, alƙibla, da hoton kyamarar da ke ganin zafin abubuwa cikin duhu. Idon hagu kuwa a buɗe yake, yana kallon cikin jirgi da waje.

Gwada da wayarka. Kunna bidiyo, ka kusanto da ita gaban idonka na dama, ka bar na hagu yana kallon ɗakin. Za ka ji ƙwaƙwalwarka tana tsalle tsakanin hotunan biyu, ta kama wannan ta saki wancan, ba tare da ka ba ta izini ba. Abin da matuƙin Apache zai koya ke nan: ya zama shi ke zaɓar idon da zai saurara a kowane lokaci, alhali yana gudu kusa da ƙasa cikin duhu. Ed Macy, wani matuƙi ɗan Birtaniya da ya yi aiki da jirgin a Afganistan, ya ba da labarin ciwon kan da ya yi fama da shi a lokacin koyo cikin littafinsa mai suna Apache.

Akwai ƙari. Kyamarar da yake gani da ita ba a kansa take ba, a hancin jirgin take, kusan mita 3 a gaban matuƙin baya, kuma ƙasa da inda idonsa yake. Tana bin motsin kansa, ya waiga hagu ta waiga, amma daga can take kallo. Wato mutum ne a zaune a nan, idonsa na can. Bishiyar da yake gani ta wuce, wataƙila ba ta kai gefen kujerarsa ba tukuna. Hoton ma ɗan siriri ne, faɗinsa digiri 40 kacal, kamar mai leƙe ta bututu, don haka dole ya yi ta juya kai. Bindigar da ke ƙarƙashin jirgin mai harsashin milimita 30 ita ma ana iya haɗa ta da hular, ta nufi duk inda ya kalla.

A makaranta akwai wani mataki da ɗaliban Apache ke tsoro: a rufe tagogin wurin zaman ɗalibi ruf da rana tsaka, ya tuƙa jirgin da hoton gilashin nan kaɗai, malami na zaune a ɗaya kujerar yana ganin waje. Idan batun yawan bayanan da ke shiga kai a lokaci guda ake yi, a ganina masu Apache sun ci wannan zagayen, kuma sauran ma sun san haka, ko da ba za su faɗa a gabansu ba.

Amma Apache ba ya sauka

Wannan ce amsar masu Black Hawk, kuma tana da nauyi. Jirgin yaƙi yana iya tsayawa nesa ya yi aikinsa ya koma sansani. Jirgin ɗaukar sojoji ko marasa lafiya dole ya taɓa ƙasa a wurin da ba a shirya masa ba. A hamada, iskar farfela takan tayar da ƙura ta lulluɓe jirgin a daƙiƙun ƙarshe na sauka, matuƙi ya daina ganin ƙasa gaba ɗaya. Wanda ya san guguwar farkon damina a Sakkwato ko Agadas zai gane. Bambancin shi ne a nan kai ne ka tayar da ita, kuma kana tsakiyarta. Idan jirgin ya ɗan zame gefe ba a sani ba, ƙafa ɗaya ta kama ƙasa, yana iya kifewa. An yi asarar jirage da rayuka ta wannan hanya a Iraƙi da Afganistan ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Ko gwanaye ba su tsira ba. A watan Mayun 2011, lokacin samamen da aka kai gidan Usama bin Laden a Abbottabad ta Pakistan, ɗaya daga cikin jiragen Black Hawk biyu na musamman ya rasa ƙarfin ɗagawa yana ƙoƙarin tsayawa a saman harabar gidan. Bayanin da aka yi shi ne iskar da yake turawa ƙasa ta bugi dogayen katangun gidan ta dawo masa, ga kuma zafin daren ya fi yadda aka zata, kuma iska mai zafi ba ta riƙe jirgi kamar mai sanyi. Matuƙin ya kifa hancin jirgin cikin harabar, wutsiya ta jingina da katanga, babu wanda ya mutu. Wannan matuƙi ne daga rundunar da ake ganin ta fi kowace ƙwarewa a tuƙin dare.

Chinook kuma labarinsa daban. Tsohon ƙira ne, tun 1961 yake tashi, farfela biyu manya gaba da baya suna juyawa kishiyar juna, saboda haka ba ya buƙatar ƙaramar farfelar wutsiya. Masu tuƙa shi da kansu sukan yarda cewa idan kwamfutarsa na aiki yana da natsuwa sosai. Girman ne matsalar. Daga ƙarshen farfelar gaba zuwa ta baya kusan mita 30 ne. A tsaunukan Afganistan, inda siririyar iska ke rage wa ƙananan jirage ƙarfi, an sha ɗaukar hoton Chinook ya ɗora ƙafafun baya kaɗai a bakin dutse ko kan rufin ɗaki, gabansa na rataye a sararin sama, mutane na shiga ta ƙofar baya. Matuƙin ba ya ganin ƙafafun nan ko kaɗan. Muryar ma'aikacin da ke leƙe daga baya yake bi, kamar direban tirela da yaron mota, sai dai a nan kuskuren taku biyu rami ne mai zurfi. Kuma abin da ke ƙona wa masu yi masa ba'a rai: bas ɗin nan yana kai gudun kilomita 300 a sa'a, har ya kan bar jiragen da ke masa rakiya a baya.

To wa ya yi nasara? Ya danganta da abin da kake nufi da tuƙi. Idan riƙe jirgi a iska ne kawai, ƙaramin jirgin koyo mara kwamfuta ya fi dukkan ukun wahala. Idan sarrafa na'urori ne, Apache. Idan ajiye jirgi a mummunan wuri da rayukan mutane a ciki ne, sai a bar Black Hawk da Chinook su ƙarasa tsakaninsu. Irin wannan rabon aiki yana nan a rundunar sojin saman Najeriya ma, inda ake da jiragen yaƙi irin su Mi-35 da T-129 na Turkiyya, masu kujera gaba da baya kamar Apache, a gefe guda kuma jiragen jigila irin su Mi-171.

Sai dai akwai wani ɗan takara da ya shigo fage ba da sallama ba. A watan Fabrairun 2022, kamfanin Sikorsky da hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, DARPA, sun tayar da Black Hawk a sansanin Fort Campbell ba kowa a cikinsa. Ya yi kusan minti 30 a sama, manhaja ce ta tashe shi, ita ta zagaya da shi, ita ta sauke shi lafiya.