Halittu masu shaida: awon ɓurɓushin roba da kalmomin bayyana shi a Hausa

1. Ma'anar abin

Roba ba ta ruɓewa kamar ganye ko takarda. Zafin rana da iska da gogayya suna tsinka ta har ta zama ƴan mitsi-mitsi, amma tana nan a matsayinta na roba. Masana kimiyya suna kiran duk guntun da bai kai milimeta 5 ba da wani suna na dabam, wanda a Faransanci ake cewa microplastique. Sunan ya bazu ne daga shekarar 2004, lokacin da Richard Thompson na jami'ar Plymouth a Ingila da abokan aikinsa suka nuna cewa irin waɗannan guntaye suna cikin yashin gaɓar teku da cikin ruwanta. Wasunsu daga leda da kwalabe suke fitowa, wasu daga zaren tufafin roba in an wanke su, wasu kuma daga tayoyin mota.

2. Dalilin amfani da masu rai

Ɗibar ruwa a kwalba ba ta nuna komai sai halin da ruwan yake ciki a wannan sa'a. Gobe igiya ta kaɗa, lissafi ya sake. Dabbar da take zaune a wurin kuwa kullum tana ci tana sha, saboda haka abin da aka tarar a cikinta ya fi nuna abin da yake shiga jikin masu rai, wanda daga nan ne yake iya kaiwa ga akushin mutum. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1866 William Nylander ya lura cewa tsiron nan mai mannewa a jikin itace da dutse, wanda ake kira lichen, yana ɓacewa inda iskar birnin Paris ta gurɓace. A 1975 Edward Goldberg ya ba da shawarar a riƙa bin sawun guba a teku ta hanyar binciken dangin kawa, kuma Amurka ta kafa shiri na dindindin a kan haka a 1986.

Ba kowace halitta ce ta dace da wannan aiki ba. Ana son wadda take da yawa, mai sauƙin samu, wadda aka san abincinta da iyakar yawonta, kuma take jure gurɓatar ba tare da ta mutu nan take ba.

3. Misalai

Misalin da ya fi kafuwa shi ne na fulmar, tsuntsun Tekun Arewa, mai tsintar abinci a saman ruwa yana haɗiye roba tare da shi. Tun shekarun 1980 masana a Holan suke tattara waɗanda suka mutu a gaɓa suna auna abin da yake cikin tumbinsu. Ƙasashen yarjejeniyar OSPAR sun sa ma'auni: kada tsuntsayen da suke ɗauke da fiye da giram 0,1 na roba su kai kashi 10 cikin 100. A ƙididdigar 2014 zuwa 2018, kimanin rabinsu ne suka wuce wannan iyaka. A Bahar Rum kunkurun teku ne yake yin wannan aiki. Dangin kawa, da yake tace ruwa suke yi su ci, ana amfani da su a bakin gaɓa. A tudu kuma an gwada gansakuka da ƙudan zuma, domin zaren roba da iska take ɗauke da shi yana maƙalewa a jikinsu.

A ɗakin bincike, ana narkar da naman dabbar da sinadarin potas, a tace, a duba abin da ya rage da madubin ƙara girma. Daga nan sai a haska kowane guntu da na'urar da take gane irin robar, don ido kaɗai yakan ɗauki zaren auduga a matsayin roba.

Hanyar tana da iyaka. Kawa tana zaɓen abin da take haɗiya, tana kuma fitar da mafi yawansa cikin ƴan kwanaki, don haka adadin da yake cikinta ba daidai yake da na ruwan ba. Kazalika zaren rigar mai binciken yakan faɗa cikin samfuri ya ƙara lissafi, shi ya sa ake sa rigar auduga, ana aiki da kayan gilashi.

4. Batun kalmomi

Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita a 2014, kuma mahauta da makiyaya sun daɗe da sanin dunƙulen ledar da ake tararwa a tumbin awaki da shanu. Wannan sani shi ne ƙofar da littafin yaƙi da jahilci zai bi ya kai mai karatu ga abin da ido ba ya gani a hanjin tarwaɗa ko karfasa, a kogin Isa ko a tabkin Madarumfa. Sai dai dole a tsai da kalmomi tukuna.

Leda tana nufin jaka kawai, ba ta isa ta rufe ma'anar ba. Roba ta fi faɗi, ko da yake ta haɗa da ta taya, kuma wannan ba aibi ba ne a nan, tun da ɓarɓashin taya yana cikin lissafi. Ga ƙanƙantar guntayen, Hausa tana da tsaki da gari da ƙura da ɓurɓushi. Tsaki da gari suna kai hankali ga abinci, ƙura kuma ga iska kaɗai. Ɓurɓushi shi ne ragowar abin da ya farfashe, don haka ɓurɓushin roba ya fi dacewa.

Ga bio-indicateur, aron kalmar ba zai amfani mai karatu ba. Halitta mai shaida ta fi kusa, domin mai shaida shi ne wanda yake wurin lokacin da abin ya faru, kuma ana auna maganarsa kafin a karɓa. Ya kamata a gwada waɗannan kalmomi biyu a cibiyoyin karatun manya na Maraɗi da Damagaram da Tawa, wajen masunta da makiyaya, kafin a shigar da su cikin ƙamus.