Daraja da Cuɗanya a Sauyin Furuci: Misali Daga Kasuwar Wudil

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Wudil ran Juma'a, musamman wajen kara, ya san ba furuci ɗaya ake yi wa Hausa ba. Basakkwace ya ce "zamna", Bakano ya ce "zauna", Bafulatanin ruga kuwa ya ce "jauna". Abin tambaya shi ne, me ya sa ake ɗaukar na Bakano daidai, sauran biyun kuwa a yi musu dariya?

Tun 1928 Bajamushen nan August Klingenheben ya nuna cewa baƙaƙen leɓe da suka zo a ƙarshen gaɓa sun rikiɗe sun koma "u" a karin gabas. Ta haka ne "sabka" ta zama "sauka", "amre" ya zama "aure", "ɗamre" ta zama "ɗaure". Ashe ke nan Basakkwacen da muke yi wa dariya shi ke riƙe da tsohon furuci, mu ne muka sauya. Abin da ya ɗaga Kananci shi ne darajar Kano ta ciniki, sannan rubutun boko da Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da makaranta da rediyo suka ɗora Daidaitacciyar Hausa a kansa. Na sha jin ɗalibi daga Sakkwato yana gyara harshensa a aji, in ya koma ɗaki ya sake shi.

"Jauna" kuwa cuɗanya ce ta haife ta. Fulatanci ba shi da "z" a asali, don haka mai jinsa yakan maye gurbinsa da "j". Amma wannan furuci bai bazu ba, domin ba shi da martaba a idon mutanen gari. 'Ya'yan Fulanin da suka tashi a cikin Wudil "zauna" suke cewa.

Irin wannan ya faru a ƙasar Sin. Karin birnin Bejin ya zubar da "p" da "t" da "k" na ƙarshen gaɓa, alhali karin Kanton na kudu yana riƙe da su: goma "shi" ce a Bejin, "sap" a Kanton. Duk da haka furucin Bejin, fadar mulki, shi gwamnati ta sa a koyar a makarantun ƙasar tun daga 1956.