Kasa Karin Harshe Rukuni-Rukuni Daga Maganar da Ba Ta Yankewa

Tun 1973, lokacin da Bafaranshe Jean Séguy ya auna tazarar da ke tsakanin kare-karen harshen yankin Gaskonya da lissafi, tsarin aikin bai sauya sosai ba: a tattara amsoshi, a ƙirga bambance-bambance, a haɗa masu kama da juna a rukuni ɗaya. Sharaɗin shi ne a gama tattarawa kafin a fara lissafi. Maganar da ake naɗa daga waya da gidajen rediyo kuwa ba ruwanta da wannan sharaɗi, kwarara take yi dare da rana.

A ɗauka ana naɗar irin wannan magana a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, inda Katsinanci da Gobiranci suke maƙwabtaka. Ana iya siffanta kowane mai magana da ma'aunai ɗaruruwa: zamna yake cewa ko zauna, hwari ko fari, munka ko muka, lokotoro ko likita. To, idan ma'aunai suka yi yawa, tazarar da ke tsakanin kowaɗanne mutum biyu takan kusa zama ɗaya, domin ma'aunan da ba su bambanta komai suna danne 'yan kaɗan masu bambantawa. Sai kwamfuta ta kasa raba Bagobirin Tsibiri da Bakatsinen Gazawa, abin da 'yar talla za ta yi daga jimla guda.

A 2004 Charu Aggarwal da abokan aikinsa suka fito da dabarar HPStream domin irin wannan matsala. Kowane rukuni yana da nasa ma'aunan, wato waɗanda 'yan rukunin suka fi yin ittifaƙi a kansu, kuma da su kaɗai ake gwada sabon shigowa. Ba a ajiye bayanan su kansu, sai taƙaitaccen lissafinsu. Sannan an gina mantuwa a cikin dabarar: nauyin kowane bayani yana raguwa da rabi bayan wani wa'adi da mai bincike ya yanka.

Wannan mantuwa ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Amfaninta a fili yake. Daga 2019 dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi, da yawansu suka sauka a gundumar Gidan Rumji. Hausar da ake ji a kasuwannin can ta samu sababbin bakuna, kuma dabarar da ba ta mantuwa za ta daɗe tana cusa su cikin tsofaffin rukunai.

Sai dai wa'adin da ya dace da baƙi bai dace da tsofaffi ba. Matasa ne suka fi riƙe waya, maza suka fi kiran rediyo. Tsohuwar da ke wani ƙauyen Agye, wadda aka naɗi muryarta sau ɗaya, za ta buɗe ƙaramin rukuni nata. Idan babu wani da ya shigo da irin lafazinta, nauyin rukunin zai yi ta raguwa, kuma da zarar an buƙaci gurbi, rukunin da ya fi daɗewa bai samu sabon shiga ba shi ake sharewa. Lissafi ba ya bambanta kuskuren naɗi da lafazin da masu shi suka kusa ƙarewa. Saboda haka yanke wa'adin aikin masanin harshe ne, haka ma ware irin waɗannan ƙananan rukunai a ma'aji na dabam tare da ainihin muryoyinsu.