Gambarar Ghana: Harshen Gida Ya Kai Ta Duniya

Lokacin da Reggie Rockstone ya dawo Accra a 1994, samarin birnin da ke waƙar gambara yawancinsu da Turanci suke yi, suna kwaikwayon lafazin Amurkawa. Shi kuwa a Birtaniya aka haife shi, ya yi waƙa a Landan, ya zauna a Amurka, don haka ya san cewa mai kwaikwayo ba zai taɓa kamo mai abu ba. Sai ya juya ga harshen Twi. Faifansa Makaa Maka na 1997 ya kafa salon da ake kira hiplife, wato hip hop da aka gauraya da highlife, kiɗan da su E.T. Mensah suka yi tashe da shi tun kafin samun 'yancin kai.

Nan da nan wasu suka bi sahu. A 1999 Obrafour ya fitar da Pae Mu Ka, cike da karin magana irin ta dattawan Akan, har iyayen da ke ganin gambara shirme ce suka fara kasa kunne.

Zango ma ba a bar shi a baya ba. Daga Nima, unguwar Accra da Hausa ce harshen kasuwa da na hira, ƙungiyar VIP ta fito tana cuɗa Hausa da Twi da Turancin buroka. Waƙarsu Ahomka Wo Mu ta 2003 ta game Ghana, ta tsallaka Najeriya, ta kuma ɗaga kan 'yan zango da aka daɗe ana yi wa kallon raini.

Wanda ya fi kowa tabbatar da cewa harshe ba shamaki ba ne shi ne Sarkodie, ɗan Tema. Da Twi yake zuba baitoci cikin saurin da ke ɗaure kai, amma ya lashe kyautar BET ta Amurka a 2012, ya ƙara wata a 2019.

Su ma na ƙetare ba su yanke cibiya ba. M.anifest, jikan masanin kiɗan Afirka Farfesa Kwabena Nketia, ya yi karatu da waƙa a Minnesota kafin ya tattaro ya dawo gida. Blitz Bazawule ya fara suna da gambara a New York, daga baya ya koma harkar fim, har ya ba da umarnin The Color Purple a 2023. Stormzy, tauraron Birtaniya wanda mahaifiyarsa 'yar Ghana ce, ya zo da kansa a 2021 ya sa murya a sabon zubin waƙar Sore ta Yaw Tog, matashin Kumasi da ko sakandare bai gama ba a lokacin. Wannan waƙa ce ta fito da asakaa, salon drill na samarin Kumasi, ga kunnen duniya.

Sabon jini shi ne Black Sherif, wato Mohammed Ismail Sherif, wanda aka haifa a 2002 ya kuma tashi a zangon Konongo. Waƙoƙinsa kan faɗi-tashin saurayi mai neman na kansa ne, cikin murya mai kama da kuka. Kwaku the Traveller ta 2022 ta mamaye wayoyin matasa daga Accra har Legas, a 2023 kuma ya zama gwarzon mawaƙan Ghana na shekara, ya haɗa da kyautar BET ta hip hop, irin wadda Sarkodie ya ɗauko shekara huɗu kafin nan.