Toshewar bututun sokawe: Yadda ake gano matsalar da gyara ta

Idan ruwan ban-ɗaki ya ƙi wucewa, ko wari ya cika tsakar gida, abin da masu gidaje da dama a biranen arewacin Najeriya kan fara yi shi ne kiran motar yashe masai.

Sai dai sau da yawa, bayan an biya kuɗi an kwashe ramin, ba a daɗewa matsalar ke dawowa, domin kuwa ba kullum ba ne cikar rami ke jawo ta. Wani lokacin laifin na wasu gajerun bututu biyu ne, wato wanda ke shigar da ƙazanta cikin tanki da wanda ke fitar da ruwa daga cikinsa.

In ban da wasu sassan Abuja, inda ake tura ƙazantar gidaje zuwa matatar Wupa, akasarin gidajen da ke da masai na zamani a ƙasar sun dogara ne da sokawe.

Abin da jama'a ke kira sokawe a haƙiƙa ramuka biyu ne. Na farko rufaffen tanki ne na siminti, inda bahaya mai nauyi ke kwanciya a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwa kuma ya tsaya a tsakiya. Wannan ruwan na tsakiya ne kaɗai ya kamata ya wuce rami na biyu, inda ƙasa ke tsotse shi sannu a hankali.

Shi ya sa ake sanya wa bakin kowane bututu wani haɗi mai siffar harafin T, wanda ƙafarsa ke nutsewa cikin ruwan. Ana kuma saukar da bututun fita ƙasa da na shiga da kimanin santimita 5 zuwa 8.

Wannan haɗi ba shi da tsada, amma idan na bakin fita ya karye ko ya faɗa ciki, maiƙo da bahaya za su kwarara rami na biyu su liƙe ƙasar da ke shan ruwan. Daga nan kuma aiki ya zama na haƙa sabon rami.

Tsayin ruwa ne ke nuna inda cutar take

Kafin a sa diga a ƙasa, mai gyaran famfo da ya san aikinsa kan ɗaga murfin tankin ya dubi inda ruwa ya tsaya.

Idan ruwan na daidai ƙasan bakin bututun fita, amma ban-ɗaki na ambaliya, to toshewar tana tsakanin gida da tanki. Idan ruwan ya haura ya shanye bakin bututun, matsalar na wajen fita ko kuma rami na biyu ya daina sha, abin da ya fi faruwa da damina. In kuwa ruwan ya yi ƙasa sosai alhali ba a yashe tankin kwanan nan ba, alama ce ta cewa bangonsa ya tsage yana yoyo.

Abubuwan da suka fi toshe bututun shiga sanannu ne: leda, da tsumma, da audugar mata, da ƙunzugun jarirai, da man girki wanda ke daskarewa a jikin bututu. Saiwar darbejiya ko mangwaro da aka shuka kusa ita ma kan bi danshi ta kutsa ta mahaɗa.

Irin wannan toshewa ana iya buɗe ta da sandunan zurawa ko ruwa mai ƙarfi. Zuba soda ko asid, kamar yadda wasu ke yi, ba ya narkar da leda, sannan yana kashe ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da bahayar.

Fashewa kuwa daban take. Yawanci tana faruwa ne dab da bangon tankin, inda ƙasar da aka cike bayan gini ke zaunawa ta danne bututun, ko kuma inda ake ajiye mota a kai. A nan sai an tona, a yanke wurin da ya lalace, a sa sabon bututun roba mai inci 4 bisa shimfiɗar yashi, da gangaren kimanin santimita 2 a kowace mita, sannan a liƙe inda ya ratsa bango da siminti.

Haɗarin shiga rami

Babu ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da ke buƙatar mutum ya sauka cikin tankin, ko da an yashe shi.

Ruɓewar bahaya na haifar da iskar gas mai kama wuta, da wata mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin wari, ta sumar da mutum cikin ɗan lokaci. Sau da dama wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Haska ramin da ashana ko shan taba a bakinsa ganganci ne.

Illar fasasshen bututu ba ta tsaya a gida ɗaya ba. Ƙa'idar da hukumomin lafiya suka fi bayarwa ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bahaya da rijiya, abin da ke da wuya a unguwanni masu cunkoso, inda katanga kaɗai ke raba sokawen wani da rijiyar maƙwabcinsa.

Ta gurɓataccen ruwa ne cutar amai da gudawa ta fi yaɗuwa. A shekarar 2021, hukumar NCDC ta Najeriya ta ce an samu fiye da mutum dubu 100 da ake zaton sun kamu da cutar, sama da 3,500 kuma sun rasu, inda jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ke cikin waɗanda abin ya fi shafa.