Wasiƙar da bai kamata dattawanmu na Amurka su jefar ba

Da wuya ka sami unguwar zango da ba ta da wani a Amurka, kuma da yawa cikin waɗanda suka daɗe da tafiya yanzu furfura ta kama su. Mai takardun zama da ya cika sharuɗɗa, idan ya kai shekara 65, ya shiga hurumin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya don tsofaffi. Ɓangaren da ke biyan kuɗin magani shi ne Part D, wanda ya fara aiki a 2006. Shigarsa ba dole ba ce, amma jinkiri yana jawo tara.

Ga yadda lissafin yake. Bayan wa'adin farko na wata bakwai ya wuce, duk wanda ya yi kwana 63 a jere ba shi da inshorar magani karɓaɓɓiya, za a ɗora masa kashi 1 cikin 100 na ma'aunin kuɗin wata na ƙasa a kan kowane cikakken wata da ya yi haka. A 2025 ma'aunin dala 36.78 ne. Wanda ya yi jinkirin shekara biyu ke nan ya riƙa ƙara dala 8.80 kowane wata a shekarar. Kuɗin kamar ba yawa, ko? To ai ba sau ɗaya ake biya ba. Yana bin mutum muddin yana cikin shirin, kuma in ma'aunin ya hau, tarar ma ta hau.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne wurin aiki. Dattijo yana aiki, kamfani na biya masa magani, sai ya ɗauka ya tsira. Ba lallai ba. Sai in inshorar kamfanin ta kai ƙimar Part D, ko ta fi, sannan take kare shi. Shi ya sa doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da ma'aikaci a rubuce kowace shekara kafin 15 ga Oktoba, ranar da ake buɗe rajista. Wannan wasiƙar ita ce hujjarsa ranar da aka tambaye shi, kuma ita ce ake haɗawa da tarkacen talla a zuba a shara.

Abin ya ƙara tsanani tun da dokar 2022 ta kayyade abin da tsoho zai kashe daga aljihunsa a dala 2,000 a 2025. Part D ya ƙara daraja, don haka inshorar kamfanin da ta ci jarrabawa a baya tana iya faɗuwa yanzu. A ganina, bai isa a ce "ai bara an ce ba matsala" ba.

Masu ƙaramin ƙarfi da ke cikin tallafin Extra Help ba a cin su tarar. Wanda kuma ya dawo gida ya zauna, watannin da ya yi a waje ba sa shiga lissafin Part D, amma in ya koma Amurka wata biyu kawai yake da su ya yi rajista.